Kuskuren Akawun Makaranta

A bakin tashar garinmu akwai wani mai faci, Tanimu, mutumin da in farin ciki ya kama shi sai duk layin ya sani. Ranar da aka kawo masa takarda daga makarantar kwanan da ɗansa Nafi'u yake, wai shugaban makaranta na son ganinsa ran Litinin, ai sai ya yar da tayar da ke hannunsa ya shiga bin rumfuna yana nunawa. Mai shayi ya gani, mai wankin mota ya gani, har direban da ke jiran tayarsa sai da aka karanta masa sau biyu. Shi dai Tanimu ya riga ya gama lissafinsa: kyauta za a ba yaron, kuma ana son uba ya tsaya a gefe a ɗauki hoto.

Ba a banza yake wannan rawar kai ba. Makarantar nan shi ma ita ya yi, kuma tun zamaninsu aji huɗu ake raba sababbin ɗalibai, gwargwadon makin da kowa ya ci a jarrabawar shiga. 'Yan ajin A su ne 'yan lele, ga benci, ga fanka, ga malamai na rububin shiga, kuma daga cikinsu ake ɗiban masu karatun kimiyya. B da C ana lallaɓawa. Ajin D kuwa, in ciyawa ta yi tsawo su ne, in tankin gidajen malamai ya ƙafe su ne, in manyan baƙi za su zo sai a kora su bayan ɗakin girki kada su zubar wa makaranta mutunci. Tanimu cikakken ɗan D ne, shekara uku ya yi bai fito da komai ba sai iya riƙon lauje. To yau ga ɗan cikinsa a ajin A, shekara guda cur, har ya zo na uku. Tun zangon farko ya hana kowa a tasha kiran yaron da sunansa, sai dai a ce Likita.

Ran Litinin ya ari babbar rigar maƙwabcinsa, wadda ta kusa haɗiye shi. Ya wanke hannu da omo sau uku, baƙin taya ya ce bai san wannan zance ba. Haka ya hau mota yana washe baki, kafin a kai rabin hanya duk fasinjoji sun san makin Likita a lissafi.

A ofishin shugaban makaranta ya tarar da Alhaji Mudi, babban dillalin hatsi na ƙauyensu, Garin Baushe, a zaune ya haɗe rai. Tanimu ya ce a ransa, ashe ma Alhaji ne zai ba da kyautar, lallai abin babba ne. Ya durƙusa ya gaishe su, ya samu bakin kujera ya ɗosana, yana ta waige ko zai ga mai hoto.

Shugaban makaranta ya gyara tabarau ya ce, “Malam Tanimu, wata 'yar matsala ce ta taso. Ka san al'adarmu, yaro da sunan garinsu muke rubuta shi. To bara Nafi'u Baushe biyu suka shigo mana, naka da na Alhaji. Na Alhaji maki saba'in da takwas ya ci a jarrabawar shiga, naka talatin da ɗaya. Wajen kwafe sunaye akawunmu ya cakuɗa takardun, ya kai naka ajin A, ya kai na Alhaji ajin D. Ba wanda ya lura sai da Alhaji ya dawo daga fatauci ya ga sakamakon ɗansa.”

Alhaji ya ce, “Yaron da na yi wa makarantar kuɗi tun daga rabin aji, da malamin gida safe da yamma. Na zo ziyara na same shi da bokiti a ka.”

Murmushin Tanimu bai gushe nan take ba, don ya daɗe a fuskar, sai da ya ɗan jima kafin ya san hanyar fita. Ya san ajin D ciki da bai, ya san wanda ya shiga ba ya fitowa ta ƙofar kimiyya.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, to yanzu me za a yi?”

“Gyara za a yi. Zango mai zuwa kowa ya koma inda makinsa ya ajiye shi.”

“Amma yallaɓai, in ban manta ba, na uku yaron nan ya zo. Cikin yara arba'in.”

“Haka ne, ya yi ƙoƙari. Sai dai ka gane, ƙoƙarin nan bisa kuskure ya yi shi. Asalinsa ɗan D ne. Jarrabawar shiga ba ta ƙarya, shekara talatin da ita muke aiki.”

Tanimu ya sosa ƙeya ya ce, “To shi ɗan Alhaji da ba ta yi wa ƙarya ba, na nawa ya zo a can?”

Alhaji ya kau da kai ya shiga kallon kalandar bango. Shugaban makaranta ya yi gyaran murya ya ce, “Na hamsin da tara, cikin saba'in. Amma wannan ba laifinsa ba ne. Ajin D tun zangon farko ba su da malamin lissafi, na Turanci kuma sai ran da ya ga dama. Ko ɗan waye ka kai can, haka zai koma.”

Tanimu ya dubi mutumin nan, ya jira ko zai ji abin da bakinsa ya faɗa. Ina, ko a jikinsa. Sai ma ya jawo wata takarda daga aljihun tebur yana kaɗa ta, shi a dole mai adalci.

Ya ce, “Kuma don ku san ba ma wasa da aiki, shi akawun da ya jawo mana wannan abin kunya, ga takardar gargaɗi na rubuta masa. In ya kuskura ya sake, kora ce.”

Tanimu ya miƙe, ya tattaro hannun rigar aro ya saɓa a kafaɗa, ya ce, “Gargaɗi kuma, ranka ya daɗe? Ai wannan bawan Allah kujerarka ya kamata a ba shi. Ni da kuka ajiye daidai, ga ni nan shekara ashirin ina faci. Shi kuwa kuskure ɗaya ya yi, ya kusa fitar muku da likita.”