Yakushin da Ke Hannun Umaru

Ba na jin akwai ranar da zan manta da zaman makokin Bawa masunci, ko da yake da ana goge abu daga ƙwaƙwalwa, da tuni na goge shi.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Illo. Bayan zuwan Shari'a aka rufe gidan kallon da muke zuwa, sai muka koma shagon abokina Isiyaku tela, wanda eriyarsa ke kamo tashar Benin. A nan na fara ganin wani shiri na masu binciken kisan kai. Da Faransanci ake yin sa, Isiyaku ne ke fassara mana yana taka keke (yanzu na gane rabi daga kansa yake ƙagowa). Kallon farko na kamu. Mutane ne da fararen riguna da safar hannu, ba duka ba zagi, su duƙa kan gawa, su tsinci silin gashi, su kankare ƙarƙashin farce, kafin a tashi sun kamo mai laifi. Abin da ya fi zauna mini a kai shi ne, wanda ake kashewa yakan yakushi makashinsa.

Nan da nan na zama gwani. Na sayi safar hannu a kemis ina yawo da ita a aljihu. Ko kofin shayi aka miƙo mini sai na ɗaga shi ina neman sawun yatsa. Matata ta ce in fara binciko mai shanye mata madara (ni ne).

Ana cikin haka, da damina ruwa ya cika, jirgin wasu maƙwabtanmu wa da ƙane ya kife a Kogin Kwara. Ƙanen, Umaru, ya fita da rai. Wan, Bawa, sai washegari aka tsamo gawarsa. Bayan jana'iza na je zaman makoki a ƙofar gidan mahaifinsu.

Umaru na bakin tabarma, kai a sunkuye. Da ya miƙo hannu muka gaisa, hannun rigarsa ya zame, na ga sawun farata dogaye a damtsensa. Allah ya yafe mini, har daɗi na ji. Ga abin talabijin ya zo har gabana. Na tuna an ce sun taɓa saɓani a kan koma, ragarsu ta kamun kifi. Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci a raina.

Aka shafa fatiha. Maimakon in yi ta'aziyya in kama gabana, sai na gyara murya irin ta shugaban masu binciken, na ce, "Umaru, mi yas same ka ga hannu? Wanga ai ba ƙaya ba ce, farcen mutum ne."

Ba wanda bai gane inda na dosa ba. A gari irin namu, magana irin wannan a gaban dattawa tana bin mutum har 'ya'yansa. Mahaifinsu ya ɗago ya dube ni. Sannan ya juya ya dubi ɗan da ya rage masa, da wani irin kallo da ba ya yi masa kafin in buɗe baki.

Umaru bai yi fushi ba. Ya naɗe hannun rigar kowa ya gani.

"Gaskiyarka, Malam. Na Yaya ne. Nan yar riƙe ni, ni ko na riƙe mai riga, har ruwa yaf fi ƙarhina." Ya shafa wurin a hankali. "An ba ni magani in shafa, na ƙi. Ban son su warke. Su ɗai yab bar min."

Tsohon ya fashe da kuka, ya jawo kan Umaru ya rungume. Ni kuwa zufa ta karyo mini, na sa hannu a aljihu in ciro hankici, sai ga safar hannu ta faɗo tsakiyar tabarma. Na tsince ta na kama hanyar gida.

Na koma na ba da haƙuri, kuma Umaru ya ce ya yafe. Amma wancan kallon da na sa uba ya yi wa ɗansa, ba ni da hanyar janye shi, kuma har yau yana damuna.

Shirin dai ban daina kallo ba. Sai dai na gane cewa sawun wanda ya ture ka da na wanda ya riƙe ka kamarsu ɗaya, kuma Isiyaku bai taɓa fassara mana wannan ba. Yanzu in na je makoki, "Allah ya jiƙan rai" kawai nake cewa, idona a kan tabarma. Safar hannun kuwa, matata ke sawa in za ta yanka attarugu.