Rasuwar Ɗan Sanɗa, Keken da Aka Ciyar da Kakide

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Gado dillalin albasa na Aliero, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a na Jega da Maiyama rasuwar kekena, wanda kowa ya sani da Ɗan Sanɗa. Ya cika ranar Talata da hantsi a gangaren kwalbatin da ke kusa da Kuberi, ina bisa bayansa. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, hannun ɗan gida ne. Zan faɗi yadda aka yi da bakina, kafin a ji shi a bakin wanda ya yi aikin.

Marigayin irin keken nan ne mai kaurin taya da giya birjik, wanda aka ƙera don hawan dutse, ya zo mana cikin kayan gwanjo. Bai taɓa ƙin yashi ba, bai taɓa tambayata mai ba. Amma babban halinsa shi ne kame baki. Dillali mai babur tun daga nesa ake jin ƙuginsa, sauran su san gonar da ya nufa, su rufa masa baya. Ni kuwa sai in bi gefen fadama a kan Ɗan Sanɗa, manomi sai dai ya ɗaga kai ya gan ni tsaye ina sallama. Kafin masu babur su iso mun gama magana mun tafa. Abin da na taɓa ji daga bakinsa bai wuce "tsik-tsik-tsik" ba, idan na saki feda a gangare.

Ciwon ya fara ne bayan ɗaukewar damina. Ruwa ya wanke giris ɗin cibiyar ƙafar gaba, ƙafar ta soma 'yar rawa. Na kai shi Jega wajen Jelani mai gyaran keke, mijin ƙanwar Hajara matata, mutumin da ba ya sallama sau biyu a ƙofar gidana. Lokacin dashe ne, irin albasarsa kuma duk ya ƙone. Muka daidaita: shi ya buɗe cibiya, ya wanke ƙwayoyin boris da kananzir, ya cika sabon giris, ya ɗaure daidai, ba sako-sako ba, ba kuma a shaƙe ba. Ni kuma in ba shi dashe daga irin da na keɓe wa kaina.

Na ce, "Jelani, ƙwayoyin ga na asali na. Kak ka bari ko guda ta taɓa ƙasa."

Ya ce, "Haba Yaya Gado! Kai dai tahi la'asar. Kan ka komo ka iske shi awa sabo. In cuce ka in kalli Hajara da wane ido?"

Na tafi masallaci. Ni da ban taɓa juya wa manomi baya yana ɗura buhu ba, na juya wa Jelani baya cibiya na buɗe.

Duk tsawon sanyi marigayi ya yi lafiya, har na riƙa yabon Jelani a kasuwa. Da zafi ya kama, daidai lokacin cirar albasa, sai alamu suka bayyana, ni kuma na kasa karanta su. Karnukan Jiga Birni suka soma raka ni har bayan gari, na ce wa Hajara ko kare ya san abu mai kyau. Kyanwarta ta tare a gindin tayar gaba. Tururuwa ta ja layi tana hawa ƙafar kamar an buɗe mata kasuwa. Idan rana ta take sai in ji ƙamshin suya, in waiga, ba kowa. Daga nan wanda bai taɓa ɗaga murya ba ya fara kuka: "ƙiii-gurus, ƙiii-gurus." Shafi'u, dillalin da ya daɗe yana neman sanin hanyoyina, ya ce mini gaban jama'a, "Baba Gado, yanzu da makaɗa kaka yawo?"

Na koma wa Jelani. Ya girgiza ƙafar, bai dube ni ba, ya ce, "Zahi na, Yaya. Kowane ƙarhe na kuka da bazara."

Ranar Talatar na nufi wata gona a Kuberi, wadda nake lallaɓar mai ita tun albasar tana ganye. Shafi'u bai tambayi kowa hanya ba, kukan marigayi ya bi. A gangaren kwalbati ƙafar gaba ta ce "ƙas", ta tsaya cik, ni ban tsaya ba. Da na farfaɗo cikin rami, ƙahon gaba ya lanƙwashe, wuya ya tsage. Shafi'u ya sauka, ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini riga, ya yi mini sannu mai kyau, sannan ya hau babur ya wuce gonar.

Nuraddeen mai gyara a Maiyama ne ya buɗe gawar. Ya shinshina, ya ce, "Baba, wanga ba giris ba na, kakide na." Kitsen layya ne aka ɗura wa bawan Allah. Da sanyi ya daskare ya rufa asiri, da zafi ya narke ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Ƙwayoyin ciki kuwa tsince-tsince ne, wata babba wata ƙarama, duk tsatsa, sun rarake mazauninsu. Na asali ko guda babu. Da na faɗa a gida, Hajara ta ce ita ta aika wa ƙanwarta kakiden, daga ragona.

Marigayi ya bar tayar baya da sauran ƙarfinta, da sirdi, da ƙararrawa, da famfon da ya zama maraya a bayan ƙofa, da ni mai kafaɗa a hannun maɗori.

Ranar Juma'a da safe Bala mai amalanke zai ɗauki gawar zuwa wajen masu sayen tsohon ƙarfe a Jega. Ana karɓar gaisuwa a zaurena bayan la'asar. Don Allah kada a kawo abin da aka soya.

Karnuka sun lasa, tururuwa ta ƙoshi, Shafi'u ya loda albasar Kuberi. Jelani ya cire tasa albasar, kowace kamar dunƙulen hannu. Jiya ma ya zo ta'aziyya a kan tsohon kekensa, wanda da tun daga bakin titi ake toshe masa kunne. Ba wanda ya ji zuwansa. Sai dai na ɗaga kai na gan shi tsaye yana sallama.

Ni ne na yi asara, ni da marigayi. Saboda haka duk mai zuwa gaisuwa a kan keke, ya kaɗa ƙararrawa tun daga nesa.