Rasuwar Gwaggo, Bindigar da Mai Ita Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Mai Walda yana sanar da 'yan ƙungiyar harbin faifan da ake cillawa sama da sauran abokan arziki rasuwar bindigarsa, Gwaggo, mai lamba goma sha biyu. Rai ya yi halinsa mako uku da suka wuce, ranar Asabar da hantsi, a gaban allon gwaji. Ta bar duniya tana da shekara arba'in da ɗaya, ashirin da uku a hannunsa.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, gaskiya ɗaya ce. Ƙotarta a tsage take tun zamanin kawunsa da ya bar masa ita, ga nauyi kamar rodin gini. Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. A manna takarda a allo, a zana da'ira, a ja baya taku arba'in, za ta watsa dalma daidai wa daida, babu gurbin da faifai zai bi ya tsira. In an ɓarar, laifin ido ne. A buɗe ta, ta ce ƙwas. A rufe, ta ce ƙyat. In ta yi magana ta ce dum, sau ɗaya, ba ta maimaitawa.

Ga yadda ajali ya zo. Mai Walda ya sayi sabuwa, 'Yar Auta, mai lamba ashirin. Ga wanda bai sani ba, a harkar nan mai babbar lamba ita ce mai ƙaramin baki. Wata biyu ya yi yana cika baki cewa ƙaramar ta fi tsohuwar tara dalma, kuma ba ta naushin kafaɗa. Ranar ya kwashe su biyun zuwa fili, don ya ƙirga hujin kowacce a takarda, ya rufe bakin masu musu. Dokar fili a rubuce take jikin ƙofa: kowace lamba da jakarta. Shi ya zuba harsasan duka a aljihu ɗaya, wai ba yau ya fara ba.

Yana cikin gardama, hannu ya zaro ƙaramin harsashi ya saka wa Gwaggo. Harsashin ya zurma can cikin bututu ya maƙale. Ya ja kunama, shiru. Ya buɗe, ya ga wayam, ya ɗauka mantuwa ya yi. Bai leƙa ba. Ya ɗora babba a kai.

Kalmarta ta ƙarshe ba dum ba ce. Kamar an yaga kwanon rufi. Bututun ya tsage ta sama, tazarar yatsa uku da hannunsa na hagu. Yatsunsa goma suna nan, da su yake wannan rubutu. Ko a bakin mutuwa ta rufa masa asiri.

Shi kuwa bai rufa wa kowa ba. Tun kafin hayaƙi ya washe ya laluba aljihu, ya ji ƙananan huɗu ne, alhali biyar ya zuba. Ya sani sarai. Amma da mutane suka taru, ya buɗe baki ya ce Baba Mai Gyara ne, da ya wanke ta a makon, ya kankare bututun har ya yi siriri. Kafin Laraba mutum bakwai sun kwashe bindigoginsu daga shagon dattijon da ya shekara talatin ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Labari ya kai kunnen Baba. Gawar kawai ya nema, ya sa zarto, ya ciro gindin ƙaramin harsashin a lanƙwashe. Bai nuna wa kowa ba. Ya naɗo shi a takarda har shagon walda, ya ajiye a kan benci, ya ce, “Ɗana, ga kayanka, a cikinta na tsinta.” Ya tambayi lafiyar iyali, ya tafi. Tun ranar Mai Walda bai ga ƙarshen kwanon abinci ba. Matarsa ta ce bindiga ta mutu, amma harshen da ya kamata a binne yana nan da ransa.

Marigayiya ta bar sandar goge bututu, da rabin kwalbar mai, da tarin takardun gwaji masu shaidar halinta. Ta bar 'Yar Auta, wadda ba ta da laifi, da mai ita, wanda yake da shi duka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, ba a fili ba, a ƙofar shagon Baba Mai Gyara. Daga nan a miƙa gawar ga ofishin da ya ba da lasisi. Ana roƙon mutum bakwan nan su zo da bindigoginsu a jaka, babu komai a ciki, su mayar da su inda suka ɗauko. Mai Walda zai tsaya a bakin ƙofa da gindin harsashin a tafin hannu, kowa ya gani.

Ba a karɓar ta'aziyya. Zagi ake karɓa, kuma Baba ne zai fara. In ya yi shiru kamar yadda ya saba, kada kowa ya ba Mai Walda kujera.