Yaron da Ya Ƙi Sakin Igiya

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da mahaifin Rabi ya zo ganina ba. Rabi ita ce yarinyar da nake nema, a makaranta muka haɗu. Alhaji kuwa mutumin Kano ne na cikin gari, kuma tun farko ya ce ba zai ba da 'yarsa ga "ɗan kudu wanda bai san asalinsa ba". Ni ne ɗan kudun. A Fegge aka haife ni, cikin Anaca, babana dillalin dabbobi ne. Da ƙyar aka shawo kan Alhaji ya yarda ya zo ya gan mu da idonsa.

Akwai wata waƙar Sallah da duk Bahaushen kudu ya sani, muna kiranta Saki Igiya. Labarin wani yaro ne da ya rungume igiyar ragon layya ya ƙi saki. Mata na rera ta wajen suya, 'yan okada na sa ta a waya, na ji ta a kasuwar Ogbete ta Inugu, na ji ta a Fatakwal. Har maƙwabtanmu Ibo suna bin amshin. Da ita na tashi, amma ban taɓa tambayar inda ta fito ba.

Washegarin Sallah muna zaune a zaure, na sha babbar riga (ta aro ce, kuma zufa ta gama da ni), sai mata suka ɗauki waƙar daga cikin gida. Alhaji ya kasa kunne.

"Wannan waƙa fa? Ban taɓa jin ta ba."

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma sai na ga dama ta samu ta nuna asali. Na gyara zama, na ce ai tsohuwar waƙar Kano ce, fatake masu koro shanu da ƙafa suka zo da ita tun kafin a gina gadar Neja. Alhaji ya ce shi a Kano ya tsufa bai san ta ba. Na ce ai saboda tsufanta ne har mutanen Kano suka manta (Allah Ya yafe mini). Na ƙara da cewa yaron ɗan wani babban malami ne. Babana yana gefe ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauka alfahari yake da ni.

Ashe Goggo Asabe, yayar babana mai sayar da tuwo a Head Bridge, bakin gadar Neja, tana bakin ƙofa da tiren soyayyen nama. Ta ajiye, ta gaida Alhaji a tsanake, ta tambayi hanya da mutanen gida, sannan ta juyo kaina.

"Abeg, waɗanne fatake? Ni na yi waƙar nan, a tsakar gidan nan. Alhaji, ga yaron zaune a gabanka."

Ta zayyana komai. Wai ina ɗan shekara biyar na shaƙu da ragon layyarmu, har tuwona nake raba masa. Ranar Sallah na ɗaure igiyarsa a ƙuguna, na yi ta birgima ina ihu har aka makara wajen yanka. Don ta rarrashe ni ta ɗauki ƙwarya tana kaɗawa tana waƙa, matan gida suka amsa, baƙi daga Inugu suka tafi da ita.

"Akwai ma baitin da aka daina yi, don a rufa masa asiri," in ji ta. Ba wanda ya roƙe ta, ta rera shi. A kan abin da na yi wa sabon wandon Sallata ne.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na riga na sallama Rabi a zuciyata. Sai na ga kafaɗun Alhaji na rawa, can dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Da ya natsu ya ce wa babana, "Wanda ya yi wa rago wannan kukan ba zai wulaƙanta mini 'ya ba." Sannan ya dube ni. "Amma ƙarya ba ta yi maka kyau, ba ka iya ba. Kuna da abinku a gida, ka tafi Kano aro?"

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Kunyar zama ɗan Fegge nake ji, alhali waƙar da ta fi kowace daɗi a kunnena a Fegge aka yi ta, kuma wadda take ƙaunata ce ta yi mini.

Goggo ta rasu bara, kuma ina kewarta. Waƙar na nan, baitin wando ma ya dawo, don Rabi ta haddace shi ta koya wa yaranmu. Yanzu in za a tambaye ni tarihin wani abu, sai na fara leƙa bakin ƙofa in ga ko akwai tsohuwa da tire.