Nomau da Bangon Ɗakin Inna

A ƙauyen Kwarin Maje an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi kamar bijimin sa, ga ladabi. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ka gaya masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai mahaifiyarsa Inna Yalwa a gidan, sai akuya guda wadda mutanen gari suka ce ita ce ke yi wa gidan tunani.

Ɗakin Inna tsohon gini ne na ƙasa, mijinta marigayi ya gina shi da hannunsa. Shekara da shekaru shara da ɓaraguzai suna taruwa a bayansa, har ƙasa ta haɗiye bangon zuwa ƙugun mutum. Mai shiga ɗakin gangarawa yake yi kamar zai shiga rami. Da damina ta kama, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta gindin bango, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan. Kowa ya ce Inna ta tashi daga ɗakin, ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nomau kuwa ba ya tsoron kura, ba ya tsoron maciji, amma yana tsoron ranar da bangon nan zai faɗa wa uwarsa.

Wata rana ya tafi wurin Ilu magini ya kai kuka. Ilu yana cikin kwaɓa ƙasa, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Feshin ruwa ne ke cin gindin bangon. Ka samo zana, ko ta ina ce, ka kare shi." Nomau ya dawo yana dube-dube. Zanar da ya fara gani ita ce ta makewayin maƙwabcinsu Malam Tukur. Ya tumɓuke ta ya naɗe, sai ga Malam Tukur a tsugune, kumfa har ido.

"Nomau! Lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, Malam. Ina kwana? Ilu ne ya ce ko ta ina ce."

Ya saɓa zana a kafaɗa ya tafi. Malam Tukur ya ƙarasa wankansa da ƙwarya a gaba, mata masu zuwa rijiya suna ta kallon sama.

Wata rana kuma, da zana ta kasa, Nomau ya koma. Ilu ya ce, "Ruwan kwanciya yake yi a bayan ɗakin. Ka haƙa masa hanya daga gindin bango, ka bi gangare, kada ka kauce, kada ka tsaya sai ya sami wurin zuwa." Nomau ya ɗauki diga. Gangare ya bi ta zauren Malam Tukur, Nomau ya bi shi. Gangare ya ratsa tsakar gida ta gefen murhu, Nomau ya ratsa, yana yi wa matar gidan sannu da aiki. Gangare ya ƙare a akurkin kaji, nan Nomau ya ajiye diga ya share gumi. Da la'asar aka kece da ruwa. Kajin Malam Tukur suka fito jere a kan ruwa ta cikin zaure, zakara a gaba. Malam Tukur ya zo yana huci, Nomau ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ai kuwa ya sami wurin zuwa." Dattawa ne suka shiga tsakani, aka cike ramin.

Wata rana Ilu ya ce zai zo da kansa, amma aiki ya kira shi wani ƙauye. Kafin ya tafi sai ya koya wa Nomau haɗa makuba: a jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi, a shafe bango, ruwa ba ya ratsa ta. Ya ƙara da cewa, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ka bar kafa ko ɗaya." Nomau ya yi haɗi mai kyau, don hannunsa ba wawa ba ne. Ya liƙe tsaga, ya liƙe ramin ɓera, ya liƙe taga. Ya hau soro ya liƙe indararo, wato kafar da ruwan rufi ke zuba. Yana tsakiyar liƙe ƙofa, ya kai rabi, Inna ta farka daga barcin rana ta ga duhu.

"Wai wa ke nan? Magariba ta yi ne?"

"Ni ne, Inna. Saura kaɗan."

Ihunta ne ya tara unguwa. Aka fasa ƙofa, aka fasa taga, ba wanda ya tuna da indararo. Ruwan da aka yi bayan nan ya kwanta a kan soro har kwaɗi suka tare.

Da Ilu ya dawo ya huda indararo, ya shiga ɗakin ya danna bango da yatsa, yatsan ya shige. Ya fito jikinsa a sanyaye ya ce, "Inna, bangon nan ya sha ta sama, ya sha ta ƙasa. Ki yi wa Allah ki koma ɗakin Nomau." Ta ce ba inda za ta. Liman ya zo ya yi nasiha, ta ba shi goro ta sallame shi. Har Malam Tukur ya manta da kajinsa ya zo ya roƙe ta, ta juya masa baya. Nomau ya zauna a bakin ƙofa yana kallon bangon.

Wata rana gari ya waye da rana tarwai. Ilu ya biyo ta ƙofar gidan, ya leƙa, warin danshi ya buge shi. Ya ce, "To, tunda ta ƙi, ko kayan ka ceta. Duk abin da danshi ya kama a ɗakin nan ka fitar da shi ka shanya, kada ka mayar sai ya bushe." Nomau ya fito da tabarmi, ya fito da buhun gero, da ƙore, da adudun tufafi, ya baza su a tsakar gida. Inna tana kan gadonta na kara tana mita.

"Kai dai kwashe. Ni kaina danshin nan ya kama ni har cikin ƙashi, wa na gaya wa?"

Nomau ya tsaya ya dube ta. Sai ya sunkuya ya ɗauke ta, ita da gadon, ya haura da su waje, ya ajiye tsakanin gero da tabarmi.

"Sauke ni, ɗan nema! Ni ce shanya?"

"Ilu ya ce duk abin da ya kama."

Ta yunƙura za ta koma, ya taɓa gefen zanenta ya ce da saura. Ta zage shi, ta zagi Ilu, ta zagi kakan Ilu. Da rana ta ɗaga, ya juya gadon don ɗaya gefen ma ya samu. Maƙwabta suka taru a kan katanga suna dariya har da riƙe ciki.

Ana cikin haka aka ji wani nishi daga ɗakin, sannan rugugi. Bangon baya ya zube ciki, soro ya bi shi. Da ƙura ta lafa, tulin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne a daidai inda gadon yake zama.

Dariya ta ɗauke, sai salati. Inna ta daɗe tana kallon ɗakin da mijinta ya gina. Can ta miƙa hannu ta kama yatsun ɗanta ta riƙe gam. Nomau ya duba gero, ya bushe. Ya duba tabarmi, sun bushe. Ya sa bayan hannu ya taɓa kuncin Inna, ya ji shi jiƙe.

"Da saura," ya ce, ya zauna kusa da ita yana jira.