Jimla ta Biyar a Littafina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yaye mu daga ajin yaƙi da jahilci ba. Ko na so in manta, yaran gidana ba za su bari ba.

Sai da na aurar da 'ya ɗaya, na kai biyu sakandare, sannan na fara riƙe fensir. Ajinmu na matan aure ne, a wata firamare da ke Sabon Gari a nan Gusau, bayan la'asar. A shekara ta biyu aka kawo mana malamar Turanci, Malama Funke, 'yar hidimar ƙasa daga kudu. Yarinya ce mai haƙuri, dukkanmu Mama take ce mana. Hausarta sai an haɗa da nuni da hannu (namu Turancin ma haka yake, don haka babu mai yi wa wani dariya).

Sai na faɗi wani abu kafin in ci gaba. Ni 'yar Furfuri ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ni ce 'yar farin Inna, har yau ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce ni ko "waccan". Da na haifi tawa 'yar farin, ana yaye ta Inna ta ɗauke ta. Can ta girma cikin ƙannena, shi ya sa take ce mini Yaya. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabon ta a gaban mutum ba. Ranar da za a kai ta ɗakinta a Tsafe, ina madafa ina sake wanke tukwanen da aka riga aka wanke.

Na ɗauka ta san abin da ke raina. Sai wata rana da ta zo ganin gida na jiyo ta taga tana ce wa autata Sadiya, "Ke ce 'yar Yaya. Ni ko ciwo nake yi, sai dai ta aiko a tambaya." Da dariya ta faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Maganar ta zauna mini a ƙirji wata da watanni, ba ni da bakin da zan ba ta amsa.

Ana haka muka zo darasin yadda Bature yake cewa abu ya fi saura. Mu "ya fi kowa" ya ishe mu, su kuwa sai sun maƙala wa kalmar wutsiya, ko su ajiye mata "most" a gaba. Malama ta nuna mana yadda kalmar take biyo bayan aikin da aka yi, kamar a ce wane ya fi kowa gudu, da yadda take tafiya da 'yan ƙananan kalmomin nan, "in" da "of", idan za a ce a wuri kaza ko a cikin mutane kaza. Na sha wuya kafin in rarrabe su. Ta ba mu aikin gida, jimla biyar, ta ce mu rubuta gaskiya, don abin da mutum ya ƙaga ba ya zama a kai.

Huɗu suka zo da sauƙi. Ɗana Nasiru ya fi kowa tsawo a gidanmu. Cikin abinci na fi son hoce. Maigidan ya fi kowa tashi da wuri. Sadiya ta fi kowa ƙarfin murya a unguwa. Da na zo ta biyar na daɗe ina juya fensir, sai wata dabara ta zo mini. Na ce ai Turanci ba harshena ba ne, kunya ba ta san hanyarsa ba. Kuma fensir ne zai faɗa, ba bakina ba. Malama kuwa ta kusa komawa garinsu. Na tsara haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta cewa cikin 'ya'yana duka na fi son wance, da sunanta cikakke. Na ji sanyi a raina kamar na sauke tulu. Malama ta duba, ta sa jan maki, na ɗauka zance ya ƙare.

Ranar yaye aka kafa rumfa a filin makaranta, aka kawo lasifika. Inna ta zo daga Furfuri da ƙawayenta biyu, ƙannen maigidan suka cika benci guda, ita ma mai sunan ta zo daga Tsafe da goyonta. Ana cikin raba takardun shaida Malama ta ce littafin mutum ɗaya ya fi na kowa tsabta da daidaito, kuma mai shi za ta fito ta karanta wa jama'a. Ta kira ni. Na tashi ina gyara mayafi, har da 'yar tafiyar ƙasaita (Allah ya yafe mini wannan tafiyar).

Sai da ta miƙo mini littafin a buɗe na ga shafin.

Na karanta huɗun farko, ana tafi. A ta Sadiya har dariya aka yi. Da na iso ta biyar na tsaya. Na dubi rumfa, na dubi ƙasa, na yi tarin da ba ni da shi. Baiwar Allah ta ɗauka kalmar ce ta gagare ni. Ta dafa kafaɗata ta ce kada in ji tsoro, ta karɓi abin magana ta karanta da kanta, tar-tar. Ina addu'a a tsaya a Turancin, ko rabin rumfar ya tsira. Amma Hausar da ta shekara tana ba ta wuya, ran nan ta fito mata sumul: "Mama ta ce, cikin yaranta duka, wadda ta fi so ita ce..." Ta ambaci sunan. (Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya na gwada.) Ta ƙara da cewa ina take, ta miƙe a gan ta.

Sai ga muryar Inna, wadda kunnenta ya yi nauyi: "Mi tac ce?" Ƙawarta ta maimaita mata da ƙarfi, yadda na bayan katanga ma sun ji. Sau uku ke nan, cikin harshe biyu.

Na ja mayafi na rufe fuska, na sauka ta inda ƙafata ta ga dama, na faɗa ajin 'yan aji ɗaya na zauna a kan bencin da ko gwiwata bai kai ba. Ina jiyo guɗar ƙannen maigidan, wadda na san ta tsokana ce.

Can na ji an zauna a ɗaya gefen bencin. Mai sunan ce, da takardar shaidata da littafin. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Muka yi ta kallon allo.

"Yaya," ta ce, "na duba, babu kuskure ko ɗaya." Ta ce za ta tafi da littafin.

Na ce ta ɗauka, dama ya cika, ba ni da abin yi da shi. Rabinsa fari ne fat, mu duka mun sani.

A gida Sadiya ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, na ce ita ma ta samu tata jimlar, kuma unguwa shaida ce. Da aka yi wa Malama bayani ta zo har gida tana ba da haƙuri kamar za ta yi kuka. Na cika mata kwano da hoce, na ce ta je, Allah ya yi mata albarka, ta yi mini aikin da na kasa shekara ashirin da wani abu.

Inna ce na fi jin tsoro. Ta yi ta faɗa wa ƙawayenta cewa boko ya cinye kunyar ɗiyan yanzu. Da za ta koma Furfuri, muna mu biyu a ɗaki, tana ɗaure ƙunshinta ba ta ɗago ba ta ce, "Ni da ban yi boko ba, tawa jimlar sai dai in tahi da ita kabari." Kafin in gama fahimta ta ce, "Ke, miƙo min takalmina."

Yanzu wancan ɗakin na Tsafe ba ya kwana uku bai kira ni a waya ba, ko da ba wata magana. Na gode wa Allah, na gode wa Malama. Amma na koyi darasi: duk ranar da zan sake ɓoye sirri a littafi, zan ɓata rubutun da gangan, kada ya sake fin na kowa kyau.