Huɗu Cikin Goma a Bayan Zana

Ba zan taɓa mantawa ba da lokacin da ƙarar "tit-tit" ɗin nan ta ɗauke a bayan zana. Ina tsakiyar magana, yatsa a sama kamar malamar aji, sai na ji shiru.

Lokacin ina amarya a gidan surukaina a Fakku, shekarun da arzikin mai ya sa kowa ke dawowa daga tafiya da abu mai batir. Maigidana ma'aikaci ne a Tambuwal, sai ƙarshen mako yake zuwa. An tura shi kwas Legas, ya dawo da 'yan na'urorin wasa biyu, kowace ba ta fi tafin hannu ba, da wata mujallar Turanci. Ɗaya tseren mota ce. A ɗayar kuwa wani ɗan mutum ne ke kai-komo yana korar tsuntsaye daga gona. A mujallar wani Bature ya ba su maki: ta mota tara cikin goma, ta tsuntsaye huɗu, wai abu ɗaya ake ta maimaitawa.

Ni kaɗai ce macen da ta gama sakandare a gidan (kuma ban bar kowa ya manta ba). Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, Larai ƙanwar mijina ta ce ita ta tsuntsayen ta fi so.

"Ke dai ba ki san abu mai kyau ba," na ce, na baje mujalla. "Masana sun auna. Huɗu cikin goma. A makaranta mai huɗu bulala yake sha. Duk wanda ya zauna yana latsa wannan marar aikin yi ne, kuma kansa ba ya ja."

A nan ƙarar ta tsaya. Tun ɗazu nake jin ta, na ɗauka yara ne. Larai ta toshe baki, ta nuna mini zana da ido. Sai na ji gyaran murya, irin wanda mutum ɗaya ne ke yin sa a gidan: Baba Alhaji, mahaifin mijina. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunansa ba na kamawa, in zan wuce rumfarsa sai na cire takalmi. Shi na kira marar aikin yi, da muryar da maƙwabta ma sun ji.

Na shige ɗaki na fara ninke zannuwana. Na tabbata gida za a mayar da ni, ina ta tunanin abin da zan faɗa wa mahaifina, malamin da ke koya wa 'ya'yan mutane ladabi. Larai ta leƙo ta ce, "Amaryarmu, in tsayar miki da mota mai tara cikin goma?" Ban yi dariya ba.

Washegari na yi tuwon gero da miyar kuka. Bayan azahar Inna, uwar mijina, ta kira ni ta zaunar da ni a gindin zanar nan. Baba yana ɗaya gefen. Ba zai yi mini magana kai tsaye ba, sai ta bakin Inna, ko da yake har numfashinsa ina ji.

"Hajiya, tambayi ɗiyar boko. Wanga Bature mai rabon maki, shina da gonar gero?"

"Ta ce ba ta sani ba," in ji Inna (ban ko buɗe baki ba).

"To ba shi da ita. Da ya taɓa wuni shina korar tsuntsayen jan-baki, da ya san abu guda ake yi har rana ta faɗi, kuma nan daɗin yake. Motar tashi na gwada, rami kawai nika faɗawa. Miyar yau fa, Hajiya, nawa kinka ba ta?"

"Fuɗu. Gishiri ya yi yawa."

"Ni tara na ba ta. Tukunya guda fa. Tambaye ta, wa za a yi ma bulala, ni ko ke?"

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai ga hannu ya ɓullo ta saman zana riƙe da na'urar tsuntsayen.

"A ba ta. Ranar da ta kamo ni a wasan, ta zo ta raba maki."

"Tashi ki kwance kayanki," in ji Inna. "Ba inda za ki."

Ban taɓa kamo Baba ba, tsuntsaye sun cinye mini gona ba iyaka, kuma na daina taɓa ta motar. Maki dai ba banza ba ne, don huɗun Inna ta sa na rage gishiri. Amma yanzu in na ga lamba, sai na fara tambayar wa ya ba da ita, kuma me yake nomawa. Kafin in karanta wa jama'a kuwa, sai na kasa kunne a bayan zana.